Yadda Za Ka Gane Ciwon Kuloci Daga Ƙararsa Kafin A Sauke Giyabos

Duk wanda ya taɓa tsayawa a gareji yana kallon yara suna sauke giyabos ɗin motarsa ya san ba ƙaramin aiki ba ne. A ƙananan motoci masu ja da ƙafar gaba, sai an tsiyaye man giya, an zare shaf biyu, an cire sitata, an tokare inji da jak, kafin a ga fuskar kuloci. Wuni guda ne cur, wani lokaci har mota ta kwana. Abin takaicin shi ne a sha wannan wahala, ka biya kuɗin kaya da na aiki, ka murza makulli ka ji ƙarar nan tana nan daram.

Ni ya taɓa faruwa da ni. Wata tsohuwar Golf 3 ce da nake hawa, ta fara wani gurnani ƙasa-ƙasa idan tana tsaye a silo, da na taka kuloci sai ta yi tsit. Makaniken ya shiga ya taka sau biyu, ya fito yana goge hannu ya ce, "Yallaɓai, ai kuloci ne, ba ka ji da an taka yake dainawa ba?" Maganar ta shiga kunnena, na saya masa komai sabo. Da aka haɗa, gurnanin ko gezau. Ashe man giya ne ya daɗe yana yoyo har boris ɗin cikin giyabos ya ci kansa. Daga baya na gane cewa hujjar da ya kafa ita ce ma ta wanke kulocin: ƙarar da ke ɗaukewa idan ka taka, yawanci daga giyabos take fitowa.

Gwajin da zai raba maka wannan gardama minti goma ne zuwa sha biyar, kuma kayan aikinsa kunnenka ne da ƙafarka ta hagu.

Abin da ke juyawa a ciki

Sai ka san me ke juyawa a kowane matsayi na feda kafin ƙara ta yi maka magana. A bayan inji akwai fulaiwil, wani faffaɗan ƙarfe mai nauyi da ke ɗaure a ƙarshen kiranshaf, wato babbar sandar da inji ke juyawa. A jikinsa aka ɗaure murfin matsi, wanda ke da sifirin mai yatsu da yawa da suka haɗu a tsakiya. Tsakanin fulaiwil da murfin akwai faifai mai fuska biyu irin ta takalmin birki, da wasu gajerun sifirin a cibiyarsa. Murfin da faifan su ne ake ce wa filet da dis a kasuwar kayan gyara. Faifan yana zaune a kan haƙoran sandar da ke shiga giyabos, wadda zan riƙa kira shaf ɗin gaba.

Idan ƙafarka ba ta kan feda, murfin ya matse faifai da fulaiwil, saboda haka inji da shaf ɗin gaba suna juyawa tare, ko da giya tana firi. Idan ka taka, wani ƙarfe mai baki biyu kamar gwafa, wato fok, yana tura boris ɗin da ake kira rilis, shi kuma ya danna yatsun sifirin, murfin ya saki faifai. Nan inji na ci gaba da gudu, shaf ɗin gaba ya tsaya. A motoci masu ja da baya kamar Hiace da Hilux da Peugeot 504, kan shaf ɗin yana kwance a cikin wani ɗan ƙaramin boris ko zoben tagulla a tsakiyar kiranshaf, shi ake kira failot. Da yawa daga cikin masu ja da gaba, irin su Corolla, ba su da shi sam.

Idan aka haɗa da wanda ke riƙe shaf ɗin gaba a cikin giyabos, boris uku ke nan, kuma kowanne da lokacin da yake shan wuya. Na giyabos yana aiki ne ƙafa a sama. Rilis yana ɗaukar nauyi da zarar ka fara dannawa. Failot ba ya motsi sai faifai ya saki. Duk gwajin da ke tafe a kan wannan ya ginu.

Kafin ka fara

Nemi wuri mai shiru kuma shimfiɗaɗɗe. Bakin titi ko tsakiyar gareji inda ake bugun ƙarfe ba zai yi ba. Ja hambirki, kashe rediyo da iyakwandishan da fanka, sauke gilashi. In da hali ka tsaya kusa da katanga a gefe, domin takan dawo maka da sautin ƙarƙashin mota. Kada wani abu ya kasance a gaban motar ko bayanta, musamman yara, saboda akwai inda za ka sa giya inji na aiki.

Ka yi gwajin sau biyu, da safe mota na sanyi, da kuma bayan ta yi gudu ta ɗau zafi. Rilis mai busasshen giris ya fi kuka da sanyin safiya, musamman lokacin hunturu. Kacau-kacau ɗin haƙoran giya kuwa ya fi fitowa idan mai ya yi zafi ya tsinke.

Mataki na farko: inji a kashe

Taka feda a hankali har ƙasa, ka sake, sau biyar ko shida. Tunda babu abin da ke juyawa, duk ƙarar da ka ji yanzu ba ta boris ba ce, kuma wannan albishir ne ga aljihunka.

Idan ƙiii-ƙiii ɗin a cikin mota take, wajen ƙafarka, to maƙalin feda ne ya bushe, ko sifirin ɗin da ke dawo da ita, ko sandar da ke shiga kulocin sama, wato famfon da feda ke dannawa ya tura mai. Ɗan giris ya ishe ta. Idan daga waje take, sa wani ya riƙa takawa kai kuma ka buɗe bonet ka bi sautin. In ya kai ka inda fok ya shiga jikin giyabos, to ɗan dunƙulen ƙarfen da fok ke lilo a kansa ne ya bushe, ko bakin sandar kulocin ƙasa, wato ɗan famfon da ke jikin giyabos wanda mai ke turawa ya danna fok. Duba robar da ke rufe wannan ƙofa. Idan ta yage, ƙura da ruwan damina ta nan suke shiga.

A motar da ke amfani da kebul, kebul ɗin da ya fara tsinkewa a cikin rigarsa yakan yi ƙaras-ƙaras kuma feda ta yi tauri tana sarƙewa. Wannan kada ka ja shi da nisa, domin rana ɗaya zai tsinke, kuma ba ya zaɓar wuri.

Kana nan ka auna wasan feda. Danna ta da yatsun hannu har ka ji ta fara turjewa. A yawancin motoci wannan wasa bai wuce santimita ɗaya zuwa biyu ba, littafin motarka zai ba ka ainihin adadin. Idan babu wasa ko kaɗan a mota mai kebul na gyaran hannu, rilis yana danne dare da rana. Idan wasan ya yi yawa, kuloci ba zai saki sosai ba. Sai ka leƙa kofin man kuloci. Man birki ne ake zubawa, DOT 3 ko DOT 4 kamar yadda aka rubuta a murfin, kuma a wasu motocin kofi ɗaya suke sha da birki. In ya ragu, shafa hannu a saman feda ta ciki da kuma jikin kulocin ƙasa, ka nemi laima.

Mataki na biyu: inji a silo, giya a firi, ƙafa a ɗage

Tayar da mota, cire ƙafa gaba ɗaya, ka saurara na rabin minti. Sannan ka taka har ƙasa ka riƙe.

Idan akwai gurnani ko ƙugi wanda bayan ka taka yake raguwa a hankali cikin daƙiƙa biyu zuwa uku har ya mutu, kamar fankar da aka kashe, to shaf ɗin gaba ne ke tsayawa, kuma ƙarar ta boris ɗinsa ce a cikin giyabos. Wannan ita ce irin tawa. Abu na farko a nan shi ne duba man giya, kafin kowa ya ɗauki sifana. Yawancin giyabos suna da noti a gefe, kuma mai ya kamata ya kai bakin ramin notin idan mota na tsaye daidai. In ka tsiyaye shi ka ga yana ƙyalli kamar an barbaɗa garin ƙarfe, ko ka ga ɓurɓushi ya taru a maganaɗisun notin ƙasa, an riga an yi ɓarna. Sabon mai zai iya rage kukan, amma ba ya mayar da abin da ya cinye.

Akwai kuma kacau-kacau mara nauyi, kamar ana kaɗa tsakuwa a gwangwani, wanda ke ɗaukewa nan take da ka taka, ko kuma da ka ɗan ƙara totur. Haƙoran giyar da ba sa ɗauke da kaya ne ke bugun juna saboda inji ba ya juyawa sumul a silo. Sau da yawa laifin na inji ne: fulogi ɗaya ya mutu, ko silo ya yi ƙasa da yawa. Gyara wannan tukuna. Idan inji lafiya lau yake amma ƙarar ta yi tsanani, ana zargin gajerun sifirin ɗin nan na cibiyar faifai, waɗanda aikinsu ke nan shanye wannan girgiza. Sukan saki, wani lokaci ma ɗaya ya karye ya fito.

Masu motocin dizal na Turai da wasu na fetur na baya-bayan nan, ku kula da wani abu. Tun 1985 kamfanin LuK na Jamus ya fito da fulaiwil mai ɓari biyu, wanda aka raba gida biyu aka sa dogayen sifirin a tsakani, kuma yanzu shi ne a yawancin injinan TDI na Volkswagen da HDi na Peugeot. Idan ya gaji yakan yi ƙwal-ƙwal mai nauyi a silo, amma inda ya fi tona kansa shi ne lokacin tayarwa da lokacin kashewa. Kashe inji ƙafa a ɗage ka saurara, sannan ka sake tayarwa ka kashe da kuloci a take. Idan a karon farko ka ji gaf-gaf-gaf kamar ana girgiza akwatin kayan aiki, a na biyu kuma ya ragu sosai, ka fara tanadin kuɗi, domin shi kaɗai yakan fi filet da dis tsada.

Mataki na uku: ɗora ƙafa a hankali

A nan ne ake buƙatar haƙuri, kuma a nan mafi yawan mutane suke yin garaje. Kada ka taka gaba ɗaya. Ɗora ƙafa kamar mai taka ƙwai, ka cinye wasan fedar, ka tsaya daidai inda ta fara nauyi. A wannan matsayi rilis ya taɓa yatsun sifirin amma faifai bai saki ba tukuna.

Abu biyu ke iya faruwa, kuma kishiyoyin juna ne.

Na ɗaya, da can akwai wani cuwi-cuwi kamar kukan tsuntsu ƙafa a ɗage, da ka ɗan taɓa feda sai ya ɗauke. Wannan yana nufin rilis ko fok yana rawa ne a sake, yana shafar yatsun sifirin ba tare da ya zauna sosai ba. A motoci masu kulocin mai, rilis dama kullum yana ɗan jingine da yatsun yana juyawa, to idan wannan jinginar ta yi rauni, ko mazaunin fok ya bushe, sai ya riƙa wannan kukan. Tabbatar da shi abu ne mai sauƙi: inji na silo, ka sa hannu ka ɗan danna wutsiyar fok daga waje, kana kiyaye rigarka da fanka. In ya yi shiru, ka kama ɓarawon. Irin wannan kan daɗe bai hana tafiya ba.

Na biyu, da can shiru, da ka fara dannawa sai wani shuuu ko gurrr ya taso, yana ƙaruwa yadda kake ƙara takawa, yana nan har ƙasa, da ka sake kuma ya ɓace. Wannan rilis ne, babu tantama. Giris ɗin da aka rufe shi da shi daga masana'anta ya ƙare, ƙwallayen ciki suna gudu a bushe. Sau da yawa za ka ji ɗan kaɗawa a tafin ƙafarka. Idan feda tana bugun ƙafarka sama da ƙasa daidai da juyin inji, to yatsun sifirin ma ba su daidaita ba, wani ya lanƙwashe ko ya cinye.

Rilis ba ya warkewa. Daga shuuu zai koma ƙara mai kaifi, daga nan ya ƙame, ya riƙa goga yatsun sifirin har ya huda su, rana ɗaya feda ta faɗi ƙasa giya ta ƙi shiga. Abin da ke kashe shi da wuri kuwa halinmu ne na tuƙi: ajiye ƙafa a kan feda ana tafiya, da tsayawa a danja ko cunkoso da giya ta ɗaya a ciki kuloci a take. Ka mayar firi ka ɗage ƙafa. Shiga ruwa mai zurfi da damina shi ma yana wanke shi ya bar masa tsatsa.

Kafin ka yarda a sauke giyabos saboda rilis, ka san irin motarka. Da yawa daga cikin Golf 2 da Golf 3, waɗanda suka cika tashoshinmu, suna da giyabos da ake kira 020, kuma a cikinsa rilis ba ya wajen fulaiwil. Yana can ƙarshen giyabos ta wajen tayar hagu, ƙarƙashin wani ɗan murfi, yana tura wata doguwar sanda da ta ratsa ta cikin shaf. Ana canza shi giyabos na jikin mota. Akasin haka, a motoci irin su Opel Astra G da Vectra B da Ford Focus, an haɗe rilis da kulocin ƙasa sun zama abu ɗaya a ciki. Babu fok da za ka gani a waje, kuma idan ya yi yoyo man birki ne zai riƙa ɗiga daga ƙasan mahaɗar inji da giyabos. Wannan dole a sauke.

Wani abu da ake yawan mantawa: yayin da kake takawa, kalli allurar gudun inji. Idan ta faɗi sosai, ko inji ya nemi mutuwa, ko ka ji wani ƙum mai zurfi daga cikinsa, sa wani ya taka kai ka kalli fulin da ke gaban kiranshaf. Bai kamata ido ya ga yana matsawa gaba da baya ba, domin wasan da aka yarda da shi bai kai rabin milimita ba. In kana ganin motsinsa ƙarara, ƙarafunan da ke tare kiranshaf ne suka cinye. Wannan aikin inji ne, kuma sabon kuloci ba zai taɓa shi ba.

Mataki na huɗu: feda a ƙasa, giya a ciki

Taka birki da ƙafar dama, taka kuloci har ƙasa, sa giya ta ɗaya, ka riƙe. Yanzu tayoyi sun riƙe shaf ɗin gaba cik, kiranshaf kuma yana gudu a kewayen kansa. Nan ne kaɗai failot ke aiki da dukan ƙarfinsa.

Idan wani kuka mai tsini ko ƙugi ya fito a nan, wanda babu shi lokacin da feda take rabi, failot ne. Bambancinsa da rilis shi ne wurin farawa. Rilis yana farawa tun feda na sama, failot sai ta kusa ƙasa. Ƙarin tabbaci: kana riƙe da fedar a ƙasa, ɗan ƙara totur, kukan zai hau tare da inji. Mayar firi ka sake feda, zai ɗauke nan take, domin shaf da kiranshaf sun koma gudu ɗaya.

Abin dariyar shi ne failot ne mafi arha a duk kayan, kuma shi aka fi barin tsoho idan ana canza kuloci, saboda ciro shi daga raminsa na da ɗan wuya. Idan ya ƙame yakan riƙa jan shaf ko da ka taka, giya ta yi wuyar shiga. Idan ya ragargaje kuma, kan shaf ya riƙa lilo har ya lalata boris ɗin giyabos.

Mataki na biyar: gwajin ribas

Wannan na masu jin ƙarrr lokacin sa giya ne. A motoci da yawa, musamman tsofaffi, giyoyin gaba suna da zoben sinkuro mai daidaita gudu kafin haƙora su haɗu, ribas kuwa ba ta da shi. Shi ya sa ba ta rufa wa kuloci asiri.

Mota a silo, giya a firi, taka har ƙasa, ƙirga ɗaya zuwa biyar, sannan ka sa ribas a hankali. Idan ta shiga shiru, kuloci yana saki yadda ya kamata. Idan ta karta duk da jiran da ka yi, faifai bai rabu da fulaiwil ba, yana ci gaba da jan shaf. Sai ka kashe inji ka gwada duk giyoyin. In suna shiga sumul inji a kashe, suna turjewa inji a kunne, magana ta tabbata a kan kuloci.

Yanzu saura sanin ko laifin a waje yake ko a ciki. Tayar da mota, buga feda da sauri sau biyar ko shida, riƙe a ƙasa, sake gwada ribas. Idan ta shiga lafiya bayan bugun, iska ce a layin mai ko robobin kulocin sama sun gaji, kuma ana gyara wannan ba tare da an taɓa giyabos ba. Wata alamar kulocin sama ita ce ka riƙe feda a ƙasa da giya a ciki, bayan ɗan lokaci mota ta fara jan jiki da kanta. A mai kebul, a daidaita kebul ɗin tukuna. Kai, ka duba ma ko tabarmar ƙafa ce ta naɗe a ƙarƙashin feda, na ga wanda ya kusa sayen kuloci saboda ita. Sai an kawar da duk waɗannan sannan a zargi faifan da ya karkace, ko haƙoran shaf da suka yi tsatsa, ko failot.

Idan kuwa giya ɗaya ce tak ke kartawa, galibi ta biyu ko ta uku, sauran lafiya, ribas ma lafiya, zoben sinkuro na wannan giyar ne. Kuloci ba ya zaɓar giya.

Mataki na shida: a kan hanya

Nemi hanyar da babu cunkoso. Tashi daga tsaye a giya ta ɗaya kamar yadda ka saba, ka lura da daidai lokacin da kuloci ke kamawa.

Idan mota ta riƙa karkarwa tana tsalle-tsalle kafin ta daidaita, dalilai uku ne suka fi yawa: mai ya taɓa faifai, fuskar fulaiwil ta ƙone ta yi tabo, ko robobin da inji da giyabos ke zaune a kansu sun yage. Fara da robobin, domin su ake gani daga waje. Buɗe bonet, ja hambirki, wani ya tsaya a gefe, ba a gaba ba, ka sa giya ka ɗan saki kuloci kaɗan ka mayar. Idan inji ya yi tsalle kamar zai fito, ka samu amsa. Su ne kuma ke kawo gaf guda ɗaya idan ka taka totur ko ka sake shi. Sannan ka leƙa ƙasan mahaɗar inji da giyabos. Baƙin mai a wurin yana nuna oyilsil ɗin bayan kiranshaf, wato zoben robar da ke hana mai fita, mai kauri mai warin ƙibiritu kuma na giyabos ne.

Ƙara irin ta ƙarfe kan ƙarfe daidai lokacin kamawa tana nufin faifai ya cinye har ƙusoshin da suka riƙe fuskarsa sun fito suna kartar fulaiwil. Yawanci kafin a kai nan kuloci ya daɗe yana zamewa. Gwada shi haka: kana tafiya a hankali a giya ta huɗu ko ta biyar, taka totur sosai. Idan inji ya yi ihu, allura ta haura, amma gudun mota bai ƙaru ba, ya zame. Wani lokaci har da wari kamar na birkin da ya ƙone. Akwai gwajin tsaye ma, a ja hambirki a sa giya ta uku a saki kuloci a hankali, lafiyayye zai kashe inji nan take. Sau ɗaya ya isa, domin gwajin kansa yana cin faifai. Lodin da ya wuce kima, tashi da giya ta biyu, da riƙe mota a kan gangara da rabin kuloci maimakon birki, su ke kawo wannan.

Akwai kuma masu shigar burtu. Ƙugin da ke bin gudun mota, wanda ba ya canzawa ko ka taka kuloci ko ka sa firi, boris ɗin taya ne. Ƙwas-ƙwas lokacin shan kwana shaf ɗin taya ne. Cuwi-cuwi daga gaban inji wanda ke ƙaruwa idan ka kunna fitila ko ka murza sitiyari, fambel ne. Kacau-kacau a wani gudun inji na musamman kuwa sau da yawa gwangwanin da ke kare zafin salansa ne ya saki. Doguwar sukundireba tana taimakawa: ɗora bakinta a jikin giyabos, mariƙin a kunnenka, sannan ka matsar da ita jikin inji ka ji inda sautin ya fi ƙarfi.

Idan ta kama a sauke

Je wa makanike da bayani, kada ka je da hukunci. "Tana shuuu da na fara takawa, tana dainawa da na sake, ribas na shiga lafiya" ya fi "kulocina ya lalace" amfani nesa ba kusa ba. Ka sa shi ya maimaita gwajin kana tsaye.

Tunda kuɗin aikin ɗaya ne, ra'ayina shi ne a canza faifai da murfi da rilis tare, da failot in motar na da shi, sai dai idan kulocin sabo ne fil. Tsohon rilis a kan sabon kuloci tsimin da ke jawo asara ne. Kayan LuK da Sachs da Valeo da Exedy da Aisin su ne kamfanonin motoci da kansu suke sawa, amma jabunsu sun yi yawa a kasuwa, don haka ka sayi wurin wanda zai karɓa idan ka dawo da shi. Na gwanjo kuma, aƙalla ka duba zurfin ƙusoshin faifan. Littattafan gyaran Toyota da dama sun sa 0.3 na milimita a matsayin iyakar ƙarshe, wanda ya kusa nan bai cancanci wahalar ɗaurawa ba.

Ka tsaya ka ga waɗannan da idonka. A duba fuskar fulaiwil, in ta yi shuɗi ko ta tsattsage a kai a wanke ta a injin ko a canza, amma mai ɓari biyu ba a wanke shi, canzawa ake yi. A duba oyilsil biyun nan, domin wanda ke yoyo zai lalata sabon faifai cikin 'yan watanni. A duba fok da mazauninsa. Giris a haƙoran shaf shafawa ɗaya ce siririya, in aka cika shi juyawa za ta watsa shi kan faifai, karkarwa ta dawo. Faifai yana da gaba da baya, galibi an rubuta a jikinsa ɓangaren da ke kallon fulaiwil. A saita shi a tsakiya da abin saiti ko tsohon shaf kafin a ɗaure murfi, a kuma ɗaure notocin kaɗan-kaɗan ana tsallakawa. Kada a bar nauyin giyabos ya rataya a kan faifai lokacin shigarwa, kuma kada a jawo shi da ƙarfin noti idan ya ƙi zama, nan ake lanƙwasa sabon faifai tun bai yi tafiyar kilomita ɗaya ba. Baƙar ƙurar da ke ciki a goge ta da jiƙaƙƙen tsumma, kada yara su hure ta da iska, domin wasu faifan, musamman tsofaffi, suna da asbestos mai illa ga huhu.

Tun giyabos yana a sauke, kama shaf ɗin gaba ka juya shi da hannu, ka girgiza shi gefe da gefe. In kana jin gargada ko ƙaras-ƙaras, yanzu ne lokacin buɗe shi, ba bayan an mayar ba. Sannan ka karɓi tsohon rilis, ka danna shi da tafin hannu kana murzawa. Wanda ya mutu za ka ji shi kamar an zuba masa yashi. Idan ka ji shi sumul, faifai da sauran nama, failot ma lafiya, ka ce a dakata da haɗawa, a sake neman inda ƙarar take tun giyabos bai koma jikin mota ba.